Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Mai Shawarar Asiransi a Garin Gaya



A garin Gaya duk wanda ya mallaki abin hawa ya san takardar asiransi, wadda maƙwabtanmu na Kamba ke kira inshora. Tana kwance cikin jakar direba tare da kartagiris da parmi, kuma galibi ba a tunawa da ita sai an hango shingen jandarma. In ka tambayi direba amfaninta, sai ya ce maka ita ce ke hana a tsare mota. Wannan amsa ta nuna inda ciwon sana'ar yake, domin takardar da aka yi don ta share hawayen wanda ya yi asara ta koma layar tsallake shinge. A wannan mako shafinmu zai dubi mutumin da ke bayan takardar, wato mai ba da shawarar asiransi, yadda yake tafiyar da yininsa, abin da ya riƙa a matsayin mutuncinsa, da yadda yake kallon aikin da yake ci da shi. Ra'ayinmu shi ne, ma'aunin mutum a wannan sana'a gaskiyar da ya faɗa kafin kuɗi su shiga hannunsa, da tsayuwar da ya yi ranar da asara ta auku.

Sai mun fara da garin kansa, domin wuri shi ke tsara aiki. Tun da aka gina gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a shekarar 1958, garin ya zama ƙofar Nijar ta wajen teku. Shekara da shekaru kaya na sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau jirgin ƙasa zuwa Paraku ko su hau manyan motoci kai tsaye, su ƙetare kogin Isa, su bi ta Doso zuwa Yamai, ko su juya gabas zuwa Maraɗi da Damagaram. Wasu kuma sukan kwana a mangazun Gaya, kamar dilolin gwanjo da atamfa da shinkafa, kafin su nufi Kamba ta jihar Kebbi. Wannan ciniki kuwa a kan magana yake tafiya. Alhaji na iya sakin kayan miliyoyi ga wanda ya yarda da shi ba tare da rubutu ba, a ce sai an sayar a biya, kuma a biya ɗin. Bashi hanji ne, in ji ƴan kasuwa, yana cikin kowa. To a tsakiyar wannan al'ada ne aka zaunar da mutumin da doka ta hana wa ba da bashi, ta kuma ɗora masa rubuta kowace magana.

Masu wannan aiki iri biyu ne, kuma ya kamata mai saye ya san da wanne yake magana. Akwai ajan, wato wakilin kamfani guda, wanda ke sayar da takardunsa da sunansa. Akwai kuma kurtiye, wato dillali, wanda yake wakilin mai saye ne, yana zagaya kamfanoni yana nema masa abin da ya fi dacewa. Kamfanonin, irin su SNAR-Leyma da CAREN da NIA, cibiyoyinsu na Yamai, amma fuskar da ɗan Gaya ya sani ita ce ta wannan mutum na bakin hanya. Dukansu kuwa suna ƙarƙashin doka guda. A ranar 10 ga watan Yuli na 1992 ƙasashen Afirka masu amfani da Sefa suka sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar CIMA, kundin dokokinta ya fara aiki ranar 15 ga Fabrairu na 1995, kuma ƙasashe 14 ke bin sa, ciki har da Nijar da Benin. Najeriya ba ta ciki, tana da tata hukuma mai suna NAICOM. Abincin ajan da kurtiye la'ada ce, wato wani kaso na kuɗin da mai saye ya biya. A nan jarrabawar take: la'ada na zuwa ranar sayarwa, wahala kuwa na zuwa ranar asara, kuma babu wanda ke ƙara masa ko dala saboda ya bi wa marayu haƙƙinsu har Yamai.

Ma'aikacin kirki yakan fara yininsa da littafin wa'adi. Kafin ya buɗe wa kowa ƙofa, sai ya duba takardun da za su mutu cikin makon, ya buga waya ko ya aika yaro gidan mai ita, domin motar da takardarta ta mutu jiya da tsakar dare daidai take da wadda ba ta taɓa samun takarda ba. Daga nan ne gardamar safiya ke tashi. Alhaji zai zo da saurinsa ya ce: "Malam, rubuta mini, mota za ta tashi yanzu, kuɗinka sai ta dawo." Shi kuwa sai ya amsa: "Ranka ya daɗe, da shinkafa nake sayarwa da na ba ka mangaza guda ba rubutu, amma wannan takarda in ba a biya ba, ba ta da rai."

Ba taurin kai ba ne. A watan Afrilu na 2011 ministocin ƙasashen CIMA, a taronsu na Injamena, suka sake aya ta 13 ta kundin, sabuwar ayar ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara, kuma ta ce yarjejeniya ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. An yi togaciya ga gwamnati da wasu manyan yarjejeniyoyi, amma ban da na mota da na kayan da ke kan hanya. Dalilin dokar sananne ne ga duk wanda ya ga zamanin da ya gabace ta: takardu na fita bisa bashi, bashin na taruwa a hannun masu saye da dillalai, asusun kamfani na bushewa, ranar haɗari kuma a ce wa mutum ai ba ka biya ba. Najeriya ma ta tsananta irin wannan ƙa'ida daga ranar 1 ga Janairu na 2013. Gyaran na 2011 ya kuma hana ajan da kurtiye karɓar tsabar kuɗin da ya wuce miliyan ɗaya na Sefa a kan yarjejeniya guda, ya kuma ba su kwana 30 su miƙa wa kamfani abin da suka karɓa. Saboda haka mai mutunci a cikinsu ba ya haɗa kuɗin mutane da na cefanen gidansa, kuma ba ya sallamar kowa ba tare da rasiɗi ba.

Akwai wata buƙata da ta fi ta bashi nauyi, ita ce ta wanda ya zo bayan haɗari ya riga ya auku yana roƙon a rubuta masa takarda da kwanan shekaranjiya. Sau da yawa mai roƙon maƙwabci ne ko suruki, kuma hawayensa na gaskiya ne. Amma asusun da za a biya shi daga ciki kuɗin dubban mutane ne da suka biya kan lokaci, kuma duk ranar da aka gano, mai takarda da mai rubutu tare za su tsaya gaban alƙali. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya iya cewa a'a ga ɗan'uwansa a wannan rana, shi ne za a iya ba amanar mangaza.

Da hantsi ma'aikacin kirki ba ya zama a biro, domin gani ya kori ji. In an nemi asiransin gobara sai ya taka har mangaza ya dubi wayoyin lantarki, ya dubi rufi, ya tambayi ko akwai mai gadi, ya lura ko an jera jarkokin mai kusa da dilolin gwanjo. Yakan dubi nisan wurin da kogi, domin Gaya na cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a Nijar, kuma mazauna bakin Isa ba su manta ambaliyar daminar 2020 ba. Zai faɗa wa mai kaya tun da wuri cewa takardar gobara ba ta ɗaukar ɓarnar ruwa sai in an rubuta hakan a ciki. Sannan ya zo kan tambayar da ɗan kasuwa ya fi ƙi: nawa ne kayan da ke ciki?

Ɗan kasuwa na da dalilansa na rage adadi. Yana tsoron lanho da fatanti, yana tsoron bakin mutane, yana kuma son ya biya kaɗan. Amma aya ta 35 ta kundin CIMA ba ta san waɗannan dalilai ba. Misali, mangaza na ɗauke da kayan miliyan 10, mai ita ya ce na miliyan 5 ne, ya biya kuɗin miliyan 5. Wuta ta tashi ta cinye kayan miliyan 4. Shi yana sa ran miliyan 4, tun da ba su kai abin da ya faɗa ba, amma miliyan 2 za a ba shi, domin rabin dukiyarsa ya sa ƙarƙashin laima, rabin asarar kuma nasa ne. In kuwa aka tabbatar da gangan ya ɓoye wani abu da zai sauya lissafin haɗarin, yarjejeniyar ta rushe baki ɗaya, kuɗin da ya biya kuma ba su dawowa. Dattawan kasuwa na tune da watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar Sefa da rabi, farashin kayan waje ya tashi, mangazar da aka ƙiyasta a watan Disamba ta wayi gari ƙiyasinta ya yi mata kaɗan ba tare da mai ita ya yi ƙarya ba. Darasin bai tsufa ba: ƙiyasi yana son sabuntawa duk lokacin da kasuwa ta motsa. Don a faɗa masa gaskiyar adadi kuwa, dole mai shawara ya zama rijiya mai zurfi. Ranar da aka ji sirrin mangazar wani a majalisar shayi daga bakinsa, ranar ce sana'arsa ta mutu a garin.

Da rana aikinsa ya fi kama da na malamin makaranta. Yarjejeniya da Faransanci ake rubuta ta, da ƙananan haruffa, masu saye kuwa da Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci suke tunani. Abin da ya fi wahalar fassarawa shi ne abin da takarda ba ta yi. Asiransin da aya ta 200 ta wajabta wa kowane abin hawa mai inji, har da babur ɗin kabu-kabu, na ɗaukar ɓarnar da ka yi wa wani ne: wanda ka buge, fasinjan da ka ɗauko, motar da ka fasa, shagon da ka rushe. Ba ya gyara taka motar, ba ya kuma biyan direban da ke riƙe da sitiyari. Wanda ke son waɗannan sai ya sayi ƙari. Haka kuma in direba ba shi da parmi, kamfani zai biya wanda aka ji wa ciwo, amma yana da ikon ya juyo ya bi mai mota kuɗinsa.

Ma'aikatan gwamnati ma na da nasu ramin. Malamin makaranta ko ɗan duwan ya tara albashi ya sayi tsohuwar mota a hannun abokinsa, aka ce masa ai da asiransi a kanta har ƙarshen shekara, ya yi murna. Alhali bisa kundin, kwana biyar bayan an sayar da mota yarjejeniyar tsohon mai ita ta tsaya, ko da takardar na liƙe a gilashi. Ajan da ke neman la'ada kawai ba ya ɓata bakinsa kan irin waɗannan bayanai, tun da suna iya sanyaya gwiwar mai saye. Na kirki kuwa ya gwammace ciniki ya tashi yau da a zo ƙofarsa da zagi bayan wata shida.

Iyaka kuma ta ƙara wa ma'aikacin Gaya nauyin da takwaransa na cikin ƙasa bai sani ba. A ranar 29 ga Mayu na 1982 ƙasashen CEDEAO suka sa hannu a Kwatano kan tsarin katin asiransi mai ruwan ƙasa, don direban da ya yi haɗari a wata ƙasar ƙungiyar ya samu a biya wanda ya ji wa ciwo, ba tare da ya sayi sabuwar takarda a kowace iyaka ba. Shekaru da dama wannan kati na cikin abin da aka fi nema a birorin Gaya. Sai dai iyaka ba ta zama a hali guda. Najeriya ta rufe nata iyakokin daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 takunkumin CEDEAO ya rufe gada, kuma ko da Benin ta buɗe nata gefen a 2024, gefen Nijar ya zauna a rufe a wannan shekara da ta 2025, jama'a da kaya suka koma ƙetarawa da kwalekwale, manyan motoci kuma suka karkata zuwa Lome ta cikin Burkina Faso tare da rakiyar sojoji. A ranar 29 ga Janairu na 2025 ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye na taɓa takarda. Kayan da aka rubuta cewa mota za ta ɗauko su ta gada, in aka sauke su aka loda wa kwalekwale, haɗarinsu ya sauya, kuma aya ta 12 ta ba mai kaya kwana 15 ya sanar da kamfani duk wani sauyi da ya ƙara haɗari. Ɓarnar yaƙi da tarzoma kuwa kundin ya fitar da ita daga nauyin kamfani, sai in an yi yarjejeniya ta musamman a kanta, abin da duk mai bin hanyar da ba ta da tsaro ya kamata ya ji tun kafin mota ta tashi. Don haka mai shawara na ƙwarai ba ya sallamar direban da zai ƙetare iyaka sai ya tuntuɓi cibiyar kamfaninsa ya tabbatar da takardar da za a karɓa a can. Rufe gada ya rage motoci, ya rage la'ada, kuma lokacin ƙunci ne takardun jabu ke yawaita a bakin tasha, masu araha, masu kama da na gaske, waɗanda ke wuce shinge amma ba su da kowa a bayansu. Araha ba ta ado.

Ranar asara ita ce ranar da ake sanin ko waye shi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In waya ta zo cewa mota ta faɗi a hanyar Doso, ba ya jiran a same shi a biro. Yakan tuna wa mai mota cewa wa'adin sanar da kamfani gajere ne: kundin ya ce kada ya gaza kwanakin aiki biyar, na sata kuma awa 48. Yakan tabbatar jandarma sun yi konsta, ya taimaka a tara takardun likita, ya nuna wa iyalin mamaci takardun da za su nema a kotu da ma'aikatar magajin gari, ya kuma gargaɗi mai saye cewa haƙƙin da ke tsakaninsa da kamfani, in aka bar shi shekara biyu ba a nema ba, yana iya faɗuwa. Ba za mu ɓoye ba, kukan da jama'a ke yi kan jinkirin biya kuka ne mai tushe, kuma shi ne ya fi komai ɓata sunan sana'ar. Mai shawara ba shi ke sa hannu a biya ba, amma shi ke iya buga waya kowane mako har takardu su motsa, shi ke kuma iya gaya wa wanda aka zalunta cewa akwai ofishin sa ido kan asiransi a ma'aikatar kuɗi, akwai kuma hukumar bincike ta CIMA mai ikon hukunta kamfani har ta karɓe izininsa.

Akwai tambayar da ba ta rabuwa da shi a garin Musulmi: shin wannan abu ya halatta? Mai hankali ba ya mayar da kansa mufti. Malamai da dama sun soki asiransin kasuwanci saboda rashin tabbas da ke cikinsa da riba, suka kuma yarda da tsarin taimakon juna, inda jama'a ke zuba kuɗi a asusu guda don tallafa wa wanda masifa ta samu. Tunanin ba baƙo ba ne gare mu, tun da fiƙihu ya san aƙila, wato dangin da ke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure, kasuwa kuma ta san gudummawar da ake tara wa wanda shagonsa ya ƙone. A kan wannan tushe aka kafa kamfanin takaful na farko a Sudan a 1979, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, CIMA kuma ta shigar da shi cikin kundinta a 2019. Aikin mai shawara shi ne ya bayyana bambancin da gaskiya, ya bar hukunci ga malamai, zaɓi kuma ga mai kuɗi.

In ka zauna da tsofaffin wannan sana'a za ka ga ba su da gaggawa. Sun san Gaya ba Yamai ba ce da mutum zai ɓace cikin taro. Wanda ka sayar wa takarda da safe, da shi za ku haɗu a sahun Azahar, da shi za ku zauna wurin suna da wurin zaman makoki, ƴaƴanku kuma makaranta guda suke. Jarinsa suna ne, sunan kuwa a hankali yake taruwa, rana guda kuma yake zubewa. Iyali guda da aka biya haƙƙinsu ya fi masa duk wani allon talla, domin labarin zai kai Tanda da Bengu da Tunuga kafin kasuwa ta sake ci.

To, ɗan kasuwa da ma'aikaci, ku ma da naku kason. Kafin ku miƙa kuɗi ku tambayi mutum ko shi ajan ne ko kurtiye, da sunan kamfanin da zai biya. Ku ce ya faɗa muku da harshenku abin da takardar ba ta ɗauka, ku karɓi rasiɗi, ku dubi ranar farawa da ranar ƙarewa, ku kuma faɗi gaskiyar dukiyarku. Wanda ya ji haushin tambayoyinku, ku bar masa takardarsa. Wanda ya ja kujera ya zauna ya amsa su ɗaya bayan ɗaya, ku riƙe shi, ko da nasa ya ɗara na wani da jikka biyu ko uku. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.